Squier, Pacifica ko Epiphone? Kuma yaya zan yi da wuyan jitar da ke yanka min hannu?

Ɗan Sabon Garin Zariya:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni riƙe jita.

Shekarata uku ke nan ina kaɗa jitar lantarki. Wadda nake da ita ta hannu ce, na saya wurin wani abokin yayana lokacin da zai bar gari. Ba ta da wani sanannen suna, rubutun da ke kanta ma rabi ya goge. Ƙirar Stratocaster gare ta, baƙa, fikof uku, wato maganaɗisun nan da ke ɗaukar sautin tsirkiya su kai amfilifaya. A kanta na koya, da ita muke zuwa wasan biki ni da 'yan ƙungiyarmu mu biyar, kuma ina ƙaunarta. To amma tun da hunturun bana ya shigo ta koma ba ni wahala. Bakin ƙarafunan nan na wuya, wato firet, duk sun leƙo ta gefe kamar haƙoran zarto. Asabar ɗin da ta wuce muna wasa a wani kamu a Samaru, na zame da hannu daga ƙasan wuya zuwa sama, sai ji na yi gindin manuniyata ya tsage. Haka na ƙarasa wasan da tsumma a hannu.

Ba shi ke nan ba. Daga firet na bakwai zuwa gaba tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, sai na danna da ƙarfi, kafin a yi awa ɗaya yatsuna sun gaji. In na saita ta da tuna, wato na'urar auna sauti, kowace tsirkiya ta nuna daidai, da na kama kod, wato tsirkiyoyi da yawa tare, a firet na farko ko na biyu sai in ji abin ya yi tsami a kunne. Ga ƙugi da take yi a amfilifaya, musamman in an tayar da janareta.

Wata tara ina tara kuɗi daga shagon cajin waya da nake zama. Wani abokina zai je Legas ƙarshen wata, kuma wani mai shago a kasuwar Alaba ya turo mana hotuna ta WhatsApp. Guda uku ne kuɗina zai iya kaiwa gare su: Squier Affinity Stratocaster, Yamaha Pacifica 112V, da Epiphone Les Paul Special II. Ban taɓa riƙe ko ɗaya a cikinsu ba, sai dai a bidiyo.

Sai maganar bas, jitar nan mai kaurin sauti. Ƙanena ne ke kaɗa mana, shekararsa 17, hannunsa ƙarami, kuma har yau aro muke yi. Mun yanke shawarar haɗa kuɗi mu saya ta ƙungiya. Mai shagon ya ce akwai Ibanez GSR200, Yamaha TRBX174 da Squier Affinity Jazz Bass.

Don Allah wacce za ku zaɓa a kowane ɓangare? Sannan tsohuwar nan tawa, tana gyaruwa ko in haƙura da ita? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Gyara, Kano:

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu da ciwo, Allah ya sawwaƙe. Ka wanke yatsan nan sosai ka bar shi ya warke tukuna, ƙarfen tsohuwar jita ba ya rasa tsatsa.

Ni da gyaran rediyo da amfilifaya na fara. Daga baya makaɗan coci da na otal-otal na Sabon Gari suka dinga kawo min jitocinsu tare da amfilifayar, har abin ya zama rabin sana'ata. Abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka yar da tsohuwar nan. Duk abin da ka lissafa babu wanda ba ya gyaruwa. Kuma ka sani, wadda za ka ciro sabuwa dal a kwali ma, hunturu ɗaya ko biyu ya ishe ta ta fara irin wannan halin. Itace ne, ba ruwansa da sunan da aka rubuta a kai. Yawancin jitocin nan masu sauƙin kuɗi a Indunusiya da Sin ake ƙera su, kuma maƙeran jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu nan a watan Janairu yakan faɗo ƙasa da kashi 20. Itacen wuya sai ya bushe ya tsuke, shi kuwa ƙarfen firet yana nan yadda aka yanka shi, shi ya sa bakinsa ke fitowa. Ka ga yadda ƙofar katako ke cijewa da damina ta saki da rani, to shi ne.

Kuma yanzu ne lokacin gyaransa, ba bayan an yi ruwa ba. In ka goge su yanzu da itacen ya kai ƙarshen tsukewarsa, da wuya su sake damunka. Kwance tsirkiyoyi, ka kwance sukurori huɗun nan na baya ka cire wuyan gaba ɗaya, don garin ƙarfe kada ya je ya manne a maganaɗisun fikof. Nemi magagari ƙarami mai laushin haƙori. Kwantar da shi a gefen wuyan, ka dinga tura shi a tsawon wuya, a hankali, ba a gicciye ba. Za ka ji yana cin ƙarfe yana ƙara. Da ƙarar ta canza, ka ji ya fara shafar itace, tsaya. Sannan ka rufe itacen da salatif na takarda, ka bi bakin kowane firet ɗaya bayan ɗaya ka ɗan zagaye kusurwarsa, bugu uku ko huɗu ya isa. Ka bi da sanfefa lamba 400, sai 600, sai 1000. Aikin yamma ɗaya ne, amma kada ka yi shi kana sauri.

Sauran gyaran kuwa yana da jeri, kuma in ka saɓa jerin za ka yi ta zagaye wuri ɗaya.

Farko lanƙwasar wuya. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan, turos rod, ita ke riƙe shi kada jan tsirkiya ya lanƙwasa shi kamar baka. Bayan ka mayar da wuya ka ɗaura sababbin tsirkiyoyi ka saita su, sa kafo, matsin nan da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na farko, ka danne babbar tsirkiya a firet na ƙarshe, ka duba tazarar da ke tsakaninta da kan firet na takwas. Ma'aunin da kamfanin Fender, masu Stratocaster da Squier, da kansu suka bayar shi ne milimita 0.25. Fila gejin da bakanike ke saita bawul da shi zai auna maka. In ba ka samu ba, guntun siririyar tsirkiya ta saiti mai lamba 10 kaurinta ke nan daidai, ka zura ta ka gani. In tazarar ta yi yawa, sassauta tsirkiyoyi ka juya sandar dama, rubu'in zagaye kawai, ka sake saitawa ka auna. In babu tazara sam, hagu za ka juya. Alankin, wato makullin juya sandar, ya zama daidai da ramin, yawancinsu milimita 4 ne ko 5. In ka ji ta cije, to rabu da ita ka kawo wa mai gyara. Na ga wuya da yawa da aka kashe da ƙarfin tuwo a daidai wannan wurin.

Na biyu tsawon tsirkiya daga wuya. Wurin da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, mu da muka tashi muna ganin masu garaya jaki muke ce masa, kowace tsirkiya da nata ɗan sirdin mai sukuru biyu. Sauke su da ƙaramin alanki har tazarar ta kai wajen milimita 1.6 a firet na 17. Daga nan hannunka ne alƙali. In kana bugu da ƙarfi ka ɗan ɗaga, in ta fara zizar ƙarfe ka san ka sauke ta fiye da kima.

Na uku, tsamin da kake ji a firet na farko da na biyu. Wannan kusan kullum laifin not ne, farin abin nan mai tsaga shida a saman wuya. In tsagar ba ta yi zurfi ba, kafin ka kai tsirkiya kan firet ka riga ka ja ta, sautin ya hau. Gwada: danne tsirkiya a firet na uku, ka duba tazararta da firet na farko. Ya kamata ya zama kamar kaurin takarda, da ƙyar ido zai gani. In ka ga fili sosai, tana son a zurfafa. Nan ne kaɗai zan ce ka yi hattara ƙwarai, domin abin da ka cire ba ya dawowa. Amma goga bakin fensir a cikin tsagar, wannan kowa zai iya, kuma yana hana tsirkiya maƙalewa.

Sai daidaiton sauti a tsawon wuya. Kaɗa tsirkiya a buɗe, sannan ka danne a firet na 12 ka duba tuna. In na 12 ya hau, ja sirdin baya, nesa da wuya. In ya sauka, turo shi gaba. A ƙarshe ka duba fikof, kada su matso tsirkiya fiye da milimita biyu ko biyu da ɗoriya idan ka danne firet na ƙarshe, don maganaɗisu na jan tsirkiya ya ɓata sautin.

Yanzu maganar saye. In ni ne, a cikin ukun nan Pacifica 112V zan ɗauka. Tun 1993 Yamaha ke yin lamba 112 ɗin nan, kuma ita mai V ɗin jikinta itacen alda ne, fikof ɗinta maganaɗisun alniko ne, ga hambaka a kusa da jaki, wato fikof mai naɗi biyu wanda ba ya ƙugi. In ka ja maɓallin sauti sama sai ya koma mai naɗi ɗaya. Ga mai wasan biki da ba shi da iko da irin wutar da zai tarar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ka sa abokinka ya karanta lambar da idonsa, domin akwai 012, kamarsu ɗaya a hoto, amma ita ƙanwa ce a kaya da kuɗi.

Affinity kuwa ita ce za ta fi kama da abin da hannunka ya saba, kuma kayan gyaranta sun fi sauƙin samu, tun da duk duniya ƙirar Fender ake kwaikwayo. Fuskar wuyanta ta fi ta Pacifica zagaye, wasu sun fi jin daɗin kama kod a kanta. Fikof ɗinta na seramik ne, sautin ya ɗan fi kaifi. In da za ka yi sa'ar samun Squier Classic Vibe ta hannu a kuɗin da bai wuce ƙarfinka ba, ita ta fi Affinity sabuwa nesa ba kusa ba.

Epiphone wata duniya ce daban. Tun 1957 kamfanin yake hannun Gibson, kuma ma'aunin Gibson suke bi: tsawon tsirkiya inci 24.75, su kuwa Squier da Pacifica inci 25.5. Wannan ɗan bambancin yana sa tsirkiya ta fi laushi a yatsa, firet su fi kusa da juna. Hambaka biyu gare ta, sautinta mai kauri, kuma ba ta da hannun girgiza, ƙarfen nan da ake dannawa sauti ya yi rawa, saboda haka ba ruwanka da sifirin da ke riƙe shi ta bayan jita. Sai dai in kiɗanku mai tsinin sauti ne irin na biki, ina ganin za ka yi kewar fikof ukun nan.

Abu ɗaya kuma: duk wanda ya nuna maka jita an rubuta Fender ko Gibson a kanta, kuɗinta kuma daidai da na Squier, jabu ce. Gara Squier ta gaskiya sau goma.

Mai Bas daga Jos:

Salama gare ku. Baba ya gama magana a kan jita, bari in sa baki a kan bas, tun da ita nake kaɗawa a ƙungiyar mawaƙan cocinmu shekara takwas ke nan, kuma ni ma hannuna ƙarami ne.

Ƙanena, duk ukun da aka turo muku tsawonsu ɗaya ne, inci 34. Abin da zai bambanta su a hannun yaron shi ne kaurin wuya da nauyi. Wuyan Jazz Bass a sama siriri ne, wajen milimita 38 a wurin not, shi ya sa masu ƙaramin hannu ke son sa, amma jikinta babba ne, kuma in za a tsaya awa uku ana wasa kafaɗa za ta sani. GSR200 ita ce mara nauyi, jikinta ƙarami, wuyanta kuma ba kauri daga gaba zuwa baya. Yaro ɗan 17 zai ji daɗinta tun ranar farko. Sai dai ku sani tana aiki da batir mai bolt 9 saboda maɓallin ƙara kaurin sauti da aka sa mata. In batir ya yi sanyi sautin yakan dushe ko ya ɗauke, kuma muddin kebul na jikinta batir na ci, ko ba a kaɗawa. Kayan ƙungiya ne, hannu da yawa, wa zai dinga tuna cire kebul? In kun ɗauke ta, a ajiye batir na biyu a jakarta kullum.

Ni dai TRBX174 zan ce. Ba batir, firet 24, kuma fikof iri biyu gare ta, ɗaya irin na bas ɗin Fender Precision a tsakiya, ɗaya irin na Jazz a baya. Na tsakiyar nan shi kaɗai ba ya ƙugi, kuma shi ne sautin da ke zama daram a ƙarƙashin ganga. A Jazz Bass kuwa sai ka buɗe fikof biyun duka daidai da juna ƙugin ke mutuwa, da ka rage ɗaya ya dawo.

Wani zai ce ku nemi gajeriya, irin Squier Bronco mai inci 30 ko Ibanez Mikro da ba ta ma kai haka ba. Suna da kyau, ba na kushe su. Amma yaron nan girma yake yi, kuma duk inda ya je aka miƙa masa bas mai inci 34 za a miƙa masa. Ga tsirkiyar gajerun ba ko'ina ake samu ba. Abin da ya taimake ni ba gajeren wuya ba ne, sauke tsirkiya ne da rage kaurinta. Yawanci da saitin tsirkiya mai lambar kauri 45 zuwa 105 suke zuwa. Na koma 40 zuwa 100, aka saita min wuya yadda Baba ya bayyana, sai dai a bas tazarar firet na takwas takan ɗan fi, wajen milimita 0.3 zuwa 0.35, tsawon tsirkiya kuma a firet na 17 wajen 2.4 a babba, 2 a ƙarama. Ranar da na karɓo ta ji na yi kamar an canza min kaya. Kafin nan har na fara tunanin bas ba ta mata ba ce, don wuyan hannuna kullum cikin ciwo yake.

Ƙananan abubuwa kuma da ba sa cin kuɗi. Ku saya masa maɗauri mai faɗi, ko ku kai wa baduku ya ɗinka na fata mai faɗin yatsa huɗu. In bayan wuya mai sheƙi ne yana kama tafin hannu idan an yi gumi, a shafa shi sama-sama da sanfefa 1000 har sheƙin ya dushe, hannu zai dinga zamewa. A goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa. Tsirkiyar bas tsada gare ta, in ta mutu muna tafasa ta a ruwa minti goma sha biyar mu shanya ta bushe sarai, takan farfaɗo na 'yan makonni. Da hunturu kuma ina sa jiƙaƙƙen soso, wanda na matse sosai, a cikin robar sabulu da na huda, in ajiye a jakar in zuge. Fuskar wuya in baƙin itace ne mara fenti, a ɗan shafa mata man da ake sayarwa don haka sau ɗaya a shekara. Don Allah ban da man gyaɗa, yana yin wari ya kama ƙura.

Ɗan Damagaram:

Sannunku da hira. Baba, a gafarce ni, ina da ja kaɗan a kan hambaka.

Na zauna Agadas shekara biyu, kuma can in ana biki gitar ce ke tashe, ba ganga ba. Kusan duk wanda ka gani ƙirar Stratocaster ce a wuyansa, fikof mai naɗi ɗaya, a ƙaramin amfilifaya, wani lokaci ma da batirin mota. Wannan tsinin sautin da ke ratsa taro a fili, inda babu bango babu rufi, hambaka ba ya ba da shi yadda ya kamata, ko an raba shi biyu. Abokina, shekara uku kunnenka da hannunka suna kan fikof uku. In kiɗanka ya ginu a kai, Affinity ce hanyarka. Kuma kada sunan kaya ya tsorata ka. Mdou Moctar da duniya ke kallo yanzu, gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya.

Ƙugin kuma akwai dabara. Sa makunnin zaɓen fikof a matsayi na biyu ko na huɗu, inda fikof biyu ke aiki tare, a yawancin gitocin yanzu ƙugin yakan mutu a nan. Sannan ka buɗe farantin gaba ka liƙa takardar alminiyam a ramin da bayan farantin, ka tabbata ta taɓa wayar ƙasa ta gitar, yana ragewa. Ka canza kebul ma, sau da yawa shi ne ɓarawon.

Abin da ya fi damunmu a nan ƙura ce. Takan shiga maɓallan sauti su dinga ƙarar yashi in ka juya. Feshin wanke lantarki da masu gyaran rediyo ke amfani da shi za ka fesa ka yi ta juyawa, kada ka sa man inji. Hannun girgiza kuma in ba ka amfani da shi, buɗe baya ka ɗaure sukurori biyun da ke riƙe sifirin har jakin ya kwanta a jikin gitar, ko ka cusa guntun katako. Daga ranar, ko tsirkiya ɗaya ta tsinke ana tsakiyar wasa, sauran ba za su watse ba.

Baba Mai Gyara, Kano:

Ɗan Damagaram, ba ka yi laifi ba, maganarka a kan sauti gaskiya ce, kuma kunnen mai kaɗawa ne zai raba mu. Amma tun da an zo maganar janareta, akwai abin da ba na so ya wuce. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin kebul. In wurin ba shi da wayar ƙasa, ko amfilifayar na da matsala, wuta na iya hawa tsirkiya. Hannunka na kan jita, leɓenka ya taɓa makirfo, kai ne ka zama hanyar wutar. An rasa rayuka ta haka. Ɗana, sayi sukundireban testa ka sa a jakar jita. Duk inda kuka je, taɓa tsirkiya da kan makirfo da shi kafin a fara. In ya kawo haske, kada ka kaɗa sai an gyara. Kuma kada ka yarda kowa ya karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya wai don ya shiga soket.

Ɗan Sabon Garin Zariya:

Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana tara. Baba, Yaya ta Jos, ɗan'uwa na Damagaram, Allah ya biya ku, ya ƙara girma.

Na jira yatsa ya warke, ranar Lahadi na zauna da jitar tun bayan azahar. Magagarin a wurin wani mai gyaran agogo na aro, fila geji kuma wurin bakaniken da ke gyara babur ɗin yayana. Na cire wuyan kamar yadda Baba ya ce. Gefen ƙasa, inda ya yanke ni, shi ya fi fitowa, na ɗauki kusan awa biyu a kansa. A wajen firet na 15 hannuna ya zame na ɗan karce itacen, ya yi min ciwo a rai, amma sanfefa ta rage shi. Yanzu ina bi da yatsa daga farko har ƙarshe ba abin da ke kama ni.

Da na auna lanƙwasar wuya, tazarar ta kusa milimita ɗaya, wato kusan ninki huɗu na abin da Baba ya faɗa. Rubu'in zagaye na yi sau uku, a cikin kwana biyu, don ina tsoron kada ta cije. Ba ta cije ba. Na sauke sirdunan, na sa saiti 9 zuwa 42 maimakon 10 da nake sawa, na ɗaure sifirin na baya. Wallahi da na kama ta daren Talata sai da na yi shiru. Shekara uku ina zaton haka jita take, ashe faɗa nake yi da ita. Ƙanena ya karɓa ya gwada, ya ce min yaya kamar ba ita ba.

Testa ma na saya. A wurin da muke atisaye bai kawo haske ba, alhamdu lillahi. Takardar alminiyam ce ban kai ga sawa ba.

Ga shawarar da muka yanke. Tun da tsohuwar ta dawo hayyacinta, ba zan yi gaggawar aika kuɗi a kan hoto ba. Na ba da wani kaso daga abin da na tara an cika kuɗin bas, mun tsaya a kan TRBX174 saboda maganar batir, kuma na gaya wa abokina ya karanta lambar, ya duba wuyan ta tsawonsa, ya sa a jona ta a amfilifaya a gabansa ya juya kowane maɓalli. Tawa kuwa zan ƙara tari zuwa bayan salla, in je da kaina in riƙe Affinity da Pacifica ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu zuciyata ta fi karkata ga Pacifica, amma maganar fikof ukun nan ta tsaya min a rai.

Saura abu ɗaya, Baba. Na gwada not ɗin, tsirkiyoyi biyar tazararsu kamar takarda, amma ta uku, G, akwai fili sosai, kuma in ina juya kunnenta takan yi ƙas sannan sautin ya yi tsalle. Na goga fensir, ya ragu amma bai daina ba. Akwai abin da zan iya zurfafa tsagar da shi a gida ba tare da na ɓata ta ba, ko in bari sai na shigo Kano in kawo maka? Ina da zuwa Kwari sayen yadi mako mai zuwa.